Waiwaye: Yadda Mahaƙa Kwal Suka Juya wa Jam'iyyar Leba Baya

Da asubahin Juma'a, 13 ga Disamban 2019, aka bayyana sakamakon mazaɓar Bolsover da ke tsakiyar Ingila, sai ga Dennis Skinner na jam'iyyar Leba ya sha ƙasa. Wanda bai saba bin siyasar Birtaniya ba zai ce to mene ne a ciki, ai ba yau ɗan majalisa ya fara faɗuwa zaɓe ba. Amma Skinner ɗan mahaƙin kwal ne, shi ma ya yi sama da shekara 20 yana shiga rami kafin mutanensa su tura shi majalisa a 1970, kuma shekara 49 cur yana kan kujerar nan. Dattijo ne mai shekara 87, mai kaifin harshe, wanda ko bikin buɗe majalisa gaban Sarauniya bai hana shi jefa baƙar magana ba. Wanda ya kayar da shi kuwa ɗan jam'iyyar ra'ayin riƙau ne, jam'iyyar Margaret Thatcher, matar da a garuruwan kwal har gobe ba a ambaton sunanta da alheri.

A daren nan haka abin ya yi ta zubowa. Blyth Valley ta tafi, wadda Leba ke riƙe da ita kusan ba yankewa tun 1950. Leigh da Don Valley suka tafi, waɗanda ke hannunta tun 1922. Sedgefield, mazaɓar da tsohon firaminista Tony Blair ya wakilta shekara 24, ita ma ta tafi. Gari ya waye Boris Johnson, jagoran 'yan riƙau, na da kujeru 365, Leba kuwa da ƙyar ta haura 200, mafi ƙarancin abin da ta samu tun 1935. Masu sharhi suka yi ta ɗora laifin kan Jeremy Corbyn, jagoran Leba na lokacin, da rigimar fita daga Tarayyar Turai. Duka biyun suna da kasonsu. Amma wanda ya tsaya nan bai bi sawun ɓarnar zuwa inda ta faro ba.

Ƙungiyoyin ƙwadago ne suka haifi jam'iyyar nan, a wani taro a Landan cikin Fabrairun 1900, domin ma'aikaci ya daina aika attajiri ko lauya majalisa ya yi magana a madadinsa. Jagoranta na farko, Keir Hardie, tun yana ɗan shekara goma da wani abu yake aiki a ramin kwal a Sikotland. Aneurin Bevan, ministan da ya buɗe tsarin asibiti kyauta ga kowa ranar 5 ga Yulin 1948, ya bar makaranta yana shekara 13 ya shiga rami a Tredegar ta yankin Wales. A garin nasu ma'aikata kan cire 'yan kwabbai daga albashinsu su zuba asusu, wanda ya kwanta ciwo ya ga likita ba tare da biya ba. Abin da ya gani a gida shi ya shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. A wannan zamanin na gwamnatin Clement Attlee ne Malam Aminu Kano ya yi karatu a Landan, 1946 zuwa 1947, ya ga da idonsa ƙasar da tsofaffin leburori ke riƙe da muƙaman minista.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, a garin kwal na wancan zamanin ba ranar zaɓe kaɗai ake haɗuwa da Leba ba. Reshen ƙungiyar ƙwadago ne ke da zauren taron gari, shi ke da kulob ɗin da maza ke hira bayan an tashi aiki, shi ke ɗaukar nauyin 'yan badujala da filin ƙwallo. In rami ya rufta da mutum, sakataren reshe ne zai bi wa matarsa haƙƙinta. Wannan sakataren shi ne kansila, wata rana kuma shi ne ɗan majalisa. In ya yi ba daidai ba, da yamma za a tare shi a kulob a faɗa masa ido da ido. Saboda haka shugabannin jam'iyya ba sa buƙatar hayar masu binciken jin ra'ayi kafin su san abin da ke damun talaka, don a gidajensu suke kwana da shi.

Yajin aikin mahaƙa kwal na 1984 zuwa 1985 shi ya karya wannan tsari. Shekara guda suka yi ba albashi ƙarƙashin shugaban ƙungiyarsu Arthur Scargill, aka gwabza da 'yan sanda a Orgreave, daga ƙarshe suka koma aiki hannu rabbana. Ramuka suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, a 1992 gwamnatin John Major ta sanar da rufe wasu 31 a lokaci guda, har aka kai ga na ƙarshe mai zurfi, Kellingley, a Disamban 2015. Masana'antun ƙarfe da na ƙera jiragen ruwa da masaƙu duk suka bi sahu. Ƙungiyoyin ƙwadago da ke da mambobi wajen miliyan 13 a 1979 suka dawo kusan rabin haka. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna kafin masaƙu su mutu da bayan sun mutu, ba sai an yi masa dogon bayanin abin da ke samun unguwa ba in jiniyar tashi aiki ta daina kaɗawa.

Ba Leba ce ta kashe masana'antun ba, a yi mata adalci. Abin tuhuma shi ne abin da ta yi bayan nan. Ta faɗi zaɓe huɗu a jere, 1979, 1983, 1987 da 1992, har wasu suka fara cewa ba za ta sake mulki ba. Blair da Gordon Brown da Peter Mandelson suka zauna suka yi lissafi: ma'aikatan masana'antu sun ragu, ƙuri'ar da ke kai mutum fadar gwamnati tana hannun masu matsakaicin hali na kudancin Ingila, masu gidan kansu da mota, waɗanda ke tsoron haraji da yajin aiki. A 1995 aka sake rubuta sashe na huɗu na tsarin mulkin jam'iyya, wanda tun 1918 ya yi alkawarin mallaka wa al'umma manyan hanyoyin samar da dukiya. Mandelson ya fito fili ya ce shi ko a jikinsa in mutane sun yi kuɗi na fitar hankali, muddin za su biya haraji. Lissafin ya ci a 1997, da kujeru 418. Kuma gwamnatin ta yi wa talaka aiki: ta kafa mafi ƙarancin albashi a 1999, fam 3.60 a awa, ta zuba kuɗi a asibitoci da makarantu, ta rage talauci tsakanin yara da tsofaffi. Mai cewa Blair bai tsinana wa talaka komai ba bai duba littafin ba.

Sai dai a ƙarƙashin lissafin akwai wani zato da ba a rubuta shi a takardar manufofi ba: mutanen arewacin Ingila da na Wales da Sikotland ba su da inda za su je. Ɗan mahaƙin kwal ba zai taɓa zaɓen jam'iyyar Thatcher ba, ko da kuwa an manta da shi. Daga nan ƙuri'arsu ta zama gonar gado, ana zuwa girbi duk bayan shekara huɗu ko biyar, ba mai kai taki. Tun da kujerun tabbatattu ne, sai suka zama wurin sauke 'yan lelen shugabanni. Mandelson, haifaffen Landan, ya sami Hartlepool. David Miliband ya sami South Shields a 2001, ƙanensa Ed ya sami Doncaster ta Arewa a 2005, dukansu daga ofisoshin masu ba gwamnati shawara suka fito. Ba na cewa ba su da basira. Amma a shekarun 1960 fiye da kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisar Leba sun taɓa cin abinci da aikin ƙarfi, zuwa 2015 kuwa ko ɗaya cikin goma ba su kai ba. Hanyar shiga majalisa ta koma daga jami'a zuwa ofishin ɗan majalisa, daga nan zuwa cibiyar nazari, sai takara.

A nan darasin yake, a ganina, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Talakan da jam'iyyarsa ta yi wa nisa ba ya tashi rana ɗaya ya koma wajen abokin gaba. Shiru yake fara yi. A 1992 kusan kashi 78 cikin ɗari na masu rajista suka fita zaɓe. A 2001 aka dawo kashi 59, a mazaɓar Liverpool Riverside ma kashi 34 kacal. Tsakanin 1997 da 2010 Leba ta yi asarar ƙuri'u kusan miliyan biyar, daga miliyan 13.5 zuwa 8.6, kuma da yawa daga cikinsu gida suka zauna. Da yake tsarin zaɓen Birtaniya wanda ya zo na ɗaya a mazaɓa shi ke ɗauke komai, ɗan majalisar da rinjayensa ya ragu daga dubu 20 zuwa dubu 10 yana nan a kujerarsa, hedikwata kuma taswirar da take dubawa ja ce, launin Leba, har yanzu. Masana biyu na jami'ar Oxford, Geoffrey Evans da James Tilley, sun nuna a littafinsu na 2017 cewa ajin ma'aikata bai ɓace ba, jam'iyyu ne suka daina yi masa tayi, shi kuma ya daina zuwa rumfar zaɓe. Jam'iyyar da ke ƙirga kujeru ba ta ƙirga waɗanda suka ƙi fitowa, ba za ta san tana ciwo ba sai ta kwanta.

Mu leƙa Shirebrook, ƙaramin gari cikin mazaɓar Skinner, don a ga abin da ido. An rufe raminsa a 1993. A kan filin ramin ne kamfanin kayan wasanni na Sports Direct ya gina katafaren sitonsa, kamfanin Mike Ashley, wanda masu kallon ƙwallo suka sani da mallakar Newcastle United a da. Dubban ma'aikatan siton ba kamfanin ne ya ɗauke su kai tsaye ba, ta hannun dillalan ƙwadago suke, kuma galibinsu daga gabashin Turai. Har zuwa 2016, wanda ya makara da minti ɗaya akan yanke masa kuɗin minti 15. Laifi shida, ciki har da daɗewa a bayan gida ko yawan surutu ko hutun rashin lafiya, an sallame ka. In an tashi sai an bi layi an caje kowa, kuma lokacin layin ba a biya, abin da ya sa albashin ya faɗi ƙasa da mafi ƙarancin da doka ta gindaya. Ashley da kansa ya amsa wannan gaban kwamitin majalisa a 2016, kwamitin kuma ya kwatanta wurin da gidajen bautar matalauta na zamanin Sarauniya Victoria.

To ka ɗauki tsohon mahaƙi yana zaune a wannan gari. A wurin da ya yi aiki mai albashi da fansho da ƙungiya mai tsaya masa, yau ga aikin da ba ya fatan jikansa ya yi, ga baƙi da ake tatsa sun cika gidajen haya, ga layin ganin likita ya ƙaru. Baƙin nan ba su da laifi, nema ya kawo su kamar yadda yake kai namu ko'ina, kuma su suka fi kowa jin jiki. Amma wa zai tambaya yadda aka yi haka? A 2004, da ƙasashe irin su Poland suka shiga Tarayyar Turai, Birtaniya da Ireland da Sweden kaɗai suka buɗe musu ƙofar aiki nan take. Ƙiyasin da gwamnatin Blair ta riƙe shi ne ba za su wuce mutum 13,000 a shekara ba. Dubban ɗaruruwa suka zo cikin 'yan shekaru. Jack Straw, wanda yake ministan harkokin waje a lokacin, daga baya ya amsa cewa babban kuskure ne. Kuskuren ƙiyasi kowa na yi. Abin da ya ci wa mutane rai shi ne duk wanda ya ta da maganar sai a dube shi a matsayin jahili mai ƙyamar baƙi.

Ranar 28 ga Afrilun 2010 kowa ya ji wannan da kunnensa. Firaminista Gordon Brown na yawon neman ƙuri'a a Rochdale, sai wata dattijuwa mai cin fansho, wadda duk rayuwarta Leba take zaɓa, ta tare shi a titi. Ta tambaye shi bashin da ke kan ƙasa, da harajin fansho, da kuɗin jami'ar jikokinta, ta kuma kawo zancen masu shigowa daga gabashin Turai. Suka rabu faran-faran. Ya shiga mota ya manta makirufon gidan talabijin na maƙale a rigarsa, ya hau faɗa yana tambayar wa ya haɗa shi da wannan mata, ya kira ta mai ƙyamar baƙi. Kafin la'asar an kunna masa muryarsa a gidan rediyo, kyamara na nuna shi ya dafe kai. Ya koma har gidanta ya ba da haƙuri. Abin ban takaici, Leba ta ci Rochdale a wannan zaɓen, sai aka ɗauka ƙura ta lafa. Bayan shekara huɗu Emily Thornberry, 'yar majalisa daga Islington ta Landan, ta je Rochester ranar zaɓen cike gurbi ta ɗauki hoton wani gida da aka rataya wa tutocin Ingila, ga farar motar ɗaukar kaya a ƙofa, ta saka a Twitter kamar ta ga abin al'ajabi. A daren ta sauka daga muƙaminta na jam'iyya. Talaka yana iya haƙuri da rashi shekara da shekaru, amma raini ba ya mantuwa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Sikotland jam'iyyar 'yan kishin yankin ce ta shiga: a 2015 Leba ta rasa 40 daga kujeru 41 da take da su a can. A Ingila Nigel Farage ne, mai fafutukar fita daga Tarayyar Turai. Da aka zo ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yunin 2016 kan fita daga Tarayyar Turai, inda kowace ƙuri'a ke da nauyi ko a ina aka kaɗa ta, mutanen da suka daɗe ba su fita ba suka fito. Kashi 52 na ƙasa suka ce a fita, a Sunderland kashi 61, a Bolsover wajen 70. Kusan duk 'yan majalisar Leba kuwa zama suka goyi baya.

Wani zai ce ai Corbyn ya zo ya mayar da jam'iyya hagu, ya yi alkawarin dawo da jiragen ƙasa da ruwan sha hannun gwamnati, me ya sa bai dawo da su ba? Mambobi sun ƙaru a zamaninsa har sun haura rabin miliyan, gaskiya ne, amma akasarinsu 'yan birni ne masu digiri. Zaɓen 2017 ya nuna hoton sarai: Leba ta ci Kensington, unguwar masu hannu da shuni a Landan, ta ci Canterbury mai cike da ɗalibai, a daren kuma ta rasa Mansfield, garin kwal da ke hannunta tun 1923. An yi ta murnar kashi 40 da aka samu, ba wanda ya tsaya kan Mansfield. Zuwa 2019 jam'iyyar ta yi alkawarin sake ƙuri'ar raba gardama, wanda Keir Starmer na cikin masu tura shi. Ga wanda aka yi shekara 20 ba a saurare shi ba, sau ɗaya ya yi magana aka ji, wannan alkawari ma'anarsa ɗaya ce: ka yi kuskure, je ka sake. Manufa mai kyau a takarda ba ta maye gurbin yarda, kuma masu ra'ayin Blair da masu ra'ayin Corbyn, duk da ba sa ga maciji, daga aji ɗaya suka fito.

Akwai hanzarin da ya cancanci a saurara. Ajin ma'aikata na yau ba na 1970 ba ne. Mai kula da tsofaffi, da direban kai saƙo, da mai shara a asibitin Landan ko Birmingham, da yawansu baƙar fata ne ko 'yan asalin Asiya, kuma har kwanan nan Leba suke zaɓa. Da yawa daga waɗanda suka juya baya a arewa tsofaffi ne da suka mallaki gidajensu. Haɗa ɗalibin Bristol da tsohon mahaƙin Durham a inuwa ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Na yarda. Amma haɗa mabambanta ai shi ne sana'ar jam'iyya tun fil azal. Attlee lauya ne ɗan gidan rufin asiri, ya zauna teburi ɗaya da Bevan da Ernest Bevin, wanda ya fara da tuƙin keken doki. A lokacin kowane ɓangare na da kujera a teburin. Daga baya ɓangare ɗaya ya koma abin nazari, ana tattauna yadda za a shawo kansa ba tare da shi yana ɗakin ba.

Ranar 4 ga Yulin 2024 Starmer, wanda ya gaji Corbyn, ya ci zaɓe da kujeru sama da 410, Bolsover ma ta dawo. Wasu suka ce an rufe babin. Amma kashi 34 cikin ɗari ya samu, ƙuri'u miliyan 9.7, ƙasa da miliyan 10.3 na Corbyn a 2019, shekarar da aka kira bala'i. Jama'a sun gaji da 'yan riƙau ne, kuma sabuwar jam'iyyar Farage, Reform UK, ta raba musu ƙuri'a. Ta zo ta biyu a mazaɓu 98, 89 daga ciki na Leba ne. Ɗaya daga 'yan majalisarta, Lee Anderson na Ashfield, tsohon mahaƙin kwal ne, tsohon kansilan Leba. Cikin watan farko kuma sabuwar gwamnati ta yanke tallafin ɗumama ɗaki na hunturu, fam 200 zuwa 300, ga tsofaffi wajen miliyan goma. Sai da aka kusa shekara ta janye, bayan ta ga sakamako.

Sakamakon ya zo ranar 1 ga Mayun 2025. A Runcorn, inda Leba ta yi rinjaye da kusan ƙuri'a 15,000 wata goma kafin nan, Reform ta ƙwace kujerar da ƙuri'a shida. A gundumar Durham kuwa, majalisar gunduma ta farko da Leba ta taɓa ci a tarihinta, a 1919, ƙarƙashin mahaƙin kwal Peter Lee, inda har yau duk watan Yuli ake fitowa da tutocin ramukan da aka rufe ana zaga gari da badujala, Reform ta kwashe kujeru 65 cikin 98. Leba ta tsira da huɗu.